KAKAR ZAITUN A ƘASAR FALASƊINU

Yawancinmu mun san man zaitun a cikin kwalba ne kawai. Muna ganinsa a kanti, ana shafa wa mara lafiya, masu dawowa daga Makka ko Urushalima kuma su kan kawo shi tsaraba. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganin itacen, balle su san irin wahala da murnar da ke cikin girbinsa. A wannan fitowa za mu kai masu karatu ƙasar Falasɗinu, musamman ƙauyukan kan tudu na Yammacin Kogin Urdun, mu duba yadda manoma su ke tsinkar zaitun a watannin Oktoba da Nuwamba. A can, kakar zaitun ita ce ke ɗaure iyali da gonarsu, ta kuma ɗaure maƙwabci da maƙwabci. Wanda aka hana shi zuwa gindin itacensa a wannan lokaci ya kan rasa man shekara guda, ya kuma iya rasa gonar ɗungum. Za mu ga dalili nan gaba.

ITACEN DA ƘASARSA

Zaitun itace ne na ƙasashen bakin Bahar Rum. Ba shi da tsawo sosai, ganyensa ƙanana ne masu toka-toka a ƙasansu, ba ya kuwa zubar da su rani da damina. 'Ya'yansa ba su kai dabino girma ba, da ƙwallo guda a ciki. Su kan fara da kore, sa'an nan su yi shuɗi-shuɗi, su koma baƙi in sun nuna. Kada mai karatu ya ɗauka atili ne. Ko da ya ke wasu a wajen Filato na kiran atili da sunan zaitun, itatuwan biyu ba dangi ba ne.

Yanayin ƙasar ya saɓa da namu. Ruwa ya kan sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Daga Mayu har Satumba kuwa, watau lokacin da mu ke tsakiyar damina, su fari ne ƙat. Zaitun yana jure wannan fari, yana kuma bukatar sanyin hunturu kafin ya yi fure sosai. Galibin itatuwan Yammacin Kogin Urdun ba a yi musu ban ruwa, da ruwan sama kaɗai su ke rayuwa.

Ƙasar duwatsu ce da gangare. Saboda haka tun kaka da kakanni manoma suka tsince duwatsu suka jera katangu ba tare da kwaɓi ba, suka mai da gangaren gonaki hawa-hawa. Katangar ta kan tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta, ta kuma sa ruwan ya nutse a gindin itace. A shekara ta 2014 hukumar UNESCO ta sa irin waɗannan gonaki na ƙauyen Battir, kusa da Baitalami, cikin kayan tarihi na duniya.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, ƙididdigar da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya su ke bayarwa ta nuna akwai itatuwan zaitun wajen miliyan 10 a Yammacin Kogin Urdun da Zirin Gaza. Sun rufe kusan rabin ƙasar noma, iyalai tsakanin 80,000 da 100,000 kuma suna dogara da su. In ana maganar yawan mai a duniya, Falasɗinu ba ta kusa da Sifen, wadda ita ce kan gaba, ko Italiya da Girka da Tunisiya. Amma a wurin talakan ƙauye, itacen nan shi ne rumbu, shi ne asusu.

Irin da aka fi shukawa shi ne wanda su ke kira Nabali. Tsofaffin itatuwa masu kauri kuwa ana ce musu Rumi, watau na zamanin Romawa. Sabon dashe ya kan yi shekara huɗu ko biyar kafin ya fara 'ya'ya, ba ya kuwa kai ƙarfinsa sai bayan shekara goma ko fiye. Amma in ya kafu sai ya binne wanda ya shuka shi, da 'ya'yansa, da jikokinsa. Ko gangar jikin ta rube, ko an sare ta, saiwar ta kan sake toho. A ƙauyen Walaja akwai wani itace da a ke kira Badawi, wanda a ke cewa ya yi shekaru dubbai. Don haka mai dasa zaitun ya san rabin aikinsa na waɗanda ba a haifa ba tukuna ne.

YADDA A KE SANIN LOKACI YA YI

Manoman dā, Musulmi da Kirista duka, su kan lissafta ayyukan gona da ranakun idin Ikilisiyar Gabas. Idin Gicciye a watan Satumba shi ne alamar cewa zafi ya ƙare, tsofaffi kuma na cewa a wannan wata ne mai ya ke fara shiga 'ya'yan. Idin Mar Jirjis, wanda Musulmi ke dangantawa da Halliru, ana yinsa a garin Lidda ran 16 ga Nuwamba, shi ne kuma alamar a nemi gama tsinka a koma ga huɗa. Tsakanin idin nan biyu mutane su kan zuba ido ga ruwan fari, domin shi ke wanke ƙurar rani daga ganye da 'ya'ya. A zamanin nan Ma'aikatar Aikin Gona ta Falasɗinawa ce ke sanar da ranar fara tsinka da ranar buɗe injunan matsa, galibi a cikin Oktoba.

Akwai hikima cikin jiran. Wanda ya yi garaje ya tsinke ɗanye shar zai sami mai kaɗan, ko da ya ke mai ƙarfi ne. Wanda ya yi jinkiri har 'ya'yan suka nuna suka fara zuba zai sami mai da yawa, amma ba ya daɗewa a ajiye, ga kuma tsutsar ƙudan zaitun da ke huda 'ya'yan. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da launin ya fara juyawa.

Har wa yau zaitun yana da wata al'ada: in ya yi 'ya'ya jingim bana, baɗi sai ya huta. Shekarar albarka su kan kira ta masiya, shekarar ƙaranci kuma shalatuna. Uwargida mai hankali ta kan ɓoye man shekarar albarka domin ya kai gidan har shekara biyu.

RANAR TSINKA

Tun da asuba a ke fita, gida ɗungum. Ma'aikaci a birni ya kan ɗauki hutu ya dawo ƙauye, ɗalibai su zo ran da babu makaranta, tsohuwa ma ba ta yarda a bar ta a gida. Ana ɗora tsani da buhuna da ruwan sha a kan jaki ko tarakta. Da isa sai a shimfiɗa manyan tamfol a gindin itacen. Samari su hau tsani, mata da yara su kama rassan ƙasa. Ana kama reshe a zage shi da hannu daga sama zuwa ƙasa kamar mai tatsar saniya, ko kuwa a yi amfani da ɗan mataji na roba. 'Ya'yan su yi ta zuba a kan tamfol kamar yayyafi. Tsofaffi kuwa su zauna a ƙasa suna tsince ganye da tsakuwa, suna ware manyan 'ya'ya marasa tabo na jiƙawa.

A dā an fi kaɗe rassan da doguwar sanda, har yanzu ma wasu na yi. Malaman gona suna hana wannan, dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. Zaitun yana yin 'ya'ya ne a kan tohon da ya fito bara. Sandar da ta karya tohon bana ta karya amfanin baɗi ke nan, ga shi kuma tana ƙuje 'ya'yan, man ya yi saurin lalacewa. Hannu ya fi sanda jinkiri, amma ya fi ta riba.

Da hantsi sai a hura wuta da busassun rassa, a ɗora shayi. A zauna a inuwa a ci gurasa da tumatir da albasa da man bara. Ana waƙoƙin aiki, ana ba'a, ana ba yara labarin wanda ya dasa kowane itace. A nan ne yaro ke sanin iyakar gonarsu, da itacen da kakarsa ta gāda, da wanda aka ba gwaggonsa. Babu wata takarda da ke koya masa wannan kamar yadda mako uku a gindin itatuwan ke koya masa.

GAYYA DA KALA

Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, lokacin kuwa gajere ne. Don haka suna da abin da su ke kira auna, watau gayya. Gidan da ya gama nasa ya kan wuce gonar maƙwabci, musamman gwauruwa, ko tsoho, ko gidan da maigidan ke kurkuku ko ƙasar waje. Ba a biyan kuɗi. Abinci ne, da sanin cewa ran da kai ma ka rasa hannu za a zo maka. Wanda kuma ke da itatuwa da yawa ba shi da masu tsinka, ya kan ba wani gida mara gona su tsinke, a raba amfanin bisa ga yadda aka shirya. Ta haka wanda ba shi da itace ko ɗaya ya kan shiga hunturu da mansa.

Bayan an gama sai kala. Abin da ya rage a ƙwanƙolin itace ko ya ɓuya a cikin ciyawa, ba a hana matalauta da yara su tsince. Wannan al'ada tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Kubawar Shari'a, sura 24, ya umarci mai zaitun kada ya koma kan rassan sau na biyu bayan ya kaɗe, ya bar ragowar domin baƙo da maraya da gwauruwa. Abin lura a nan shi ne, rabon matalauci yana cikin tsarin girbin tun daga farko. Ba sai ya je ƙofar gida ya roƙa ba.

WURIN MATSA

Da yamma a ke kai abin da aka tsinka wurin matsa. Ba a son ya wuce kwana ɗaya ko biyu, gama in 'ya'yan suka daɗe a tushe cikin buhun leda sai su yi zafi su fara ruɓa, man ya yi tsami. Shi ya sa a ke ba manoma shawara su zuba a akwatuna masu ramuka ko buhunan da iska ke shiga.

Tsohuwar ma'aikatar matsa ana kiranta badd. Wani babban dutsen niƙa ne a tsaye, jaki ko alfadari ko raƙumi na juya shi, yana murƙushe 'ya'yan har da ƙwallon. Sai a kwashe niƙan a shafa a kan wasu zagayayyun tabarmi kamar faifai, a jera su bisa juna, a danne da gungume ko ƙarfe mai murɗawa. Mai da ruwa su gangaro cikin rami, man ya taso sama a kwalfe. A Baitalami an mai da wani tsohon badd gidan tarihi. Yanzu injuna ne ke wankewa, su niƙa, su juya niƙan da gudu har mai ya rabu da ruwa. Kilo 4 ko 5 na 'ya'ya su kan ba da wajen kilo 1 na mai, gwargwadon iri da shekara. Mai injin ya kan karɓi ladansa da kuɗi ko da wani kaso na man.

A makonnin nan injin ba ya barci, nan ne kuma dandalin gari. Kowa na zaune a kan buhunansa yana jiran layi, ana tambayar juna nawa aka samu. In man mutum ya fara zubowa, kore shar, mai kauri, sai ya tsoma gurasa ya ɗanɗana ya miƙa wa na kusa. Sabon mai ya kan ɗan yi yaji a maƙogwaro, wannan kuwa alamar kyau ce. Da garwa a ke auna shi, mai cin wajen kilo 15. Kafin a yi maganar sayarwa sai an ware na gida, da na 'yar da ke aure a wani gari, da na ɗan'uwa a Urdun ko ƙasashen Larabawa na Gulf ko Amurka. Garwar da ta isa hannun wanda ya yi shekara talatin a waje tana gaya masa har yanzu yana da rabo a gonar ubansa.

BA ABIN DA A KE ZUBARWA

Ɗanyen zaitun yana da ɗaci, ba ya ciwuwa daga itace. Mata su kan fasa shi da dutse, su jiƙa suna sauya ruwa, sa'an nan su zuba a tulu ko kwalba da ruwan gishiri da lemun tsami da barkono. Wannan shi ne mahaɗin karin kumallo har shekara ta zagayo, tare da gurasa da a ke tsomawa a mai sa'an nan a dangwali za'atar, watau garin wani ganye mai ƙanshi da riɗi da gishiri. Abincin bikin sabon mai kuwa shi ne musakhan: gurasar tanderu da aka jiƙa da mai, aka lulluɓe da albasa mai yawa da wani jan gari mai tsami da a ke kira sumak, aka ɗora kaza a kai.

Tuƙar da ta rage bayan matsa ana shanya ta a yi makamashi da ita lokacin sanyi. Man da bai kai na ci ba ana dafa sabulu da shi. Birnin Nablus ya yi suna a kan wannan tun ƙarnuka da yawa. Ana dafa mai da ruwa da sinadarin toka, a zuba a daɓe ya daskare, a yanka, a buga hatimi, a jera kamar hasumiya ya bushe. A farkon ƙarni na 20 masana'antun sabulu a birnin sun kai wajen 30, yanzu 'yan kaɗan suka rage. A 2024 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun gado na 'yan Adam. Rassan da aka datse bayan girbi kuma su ne masassaƙan Baitalami da Bait Sahur da Bait Jala ke mayarwa gicciye da tasbaha da 'yan siffofi, waɗanda masu ziyara ke saye.

ITACEN DA KOWA KE GIRMAMAWA

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san ganyen da kurciya ta kawo wa Nuhu, da man da a ke naɗa sarakuna da firistoci da shi, da man fitila, da shafa wa marasa lafiya a cikin wasiƙar Yakubu. Manzo Bulus ma, a Romawa sura 11, da auren itacen zaitun ya yi misali, aikin da manoman ƙasar ke yi har yau kamar yadda mu ke yi wa mangwaro. Sunan Gatsemani, lambun da ke gindin Dutsen Zaitun inda Yesu ya yi addu'a, ma'anarsa wurin matsa mai. A 2012 masana daga Italiya suka ba da sakamakon gwajin da suka yi wa uku daga cikin tsofaffin itatuwa takwas na lambun. Suka ce gangar jikinsu ta kai wajen shekara 900, itatuwan takwas kuma daga uwa ɗaya aka yanko su. Alƙur'ani shi ma ya ambaci zaitun a matsayin itace mai albarka, Yahudawa kuma da mansa a ke kunna fitilar Haikali. A garuruwa irin su Taibe da Zababde da Bait Jala, inda Kirista ke da yawa, gonarsu na jingine da ta Musulmi, injin matsa ɗaya su ke bi layi.

SA'AD DA HANYAR GONA TA TOSHE

Tun 1967 Yammacin Kogin Urdun ke ƙarƙashin mamayar sojan Isra'ila, an kuma gina matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a kan tuddai da yawa. A 2002 aka fara gina shingen da Isra'ila ta ce na tsaro ne, wanda a wurare da dama ya ratsa tsakanin ƙauye da gonakinsa. Kotun Duniya ta ba da ra'ayi a 2004 cewa gina shi a cikin yankin da aka mamaye ya saɓa wa doka. Manomin da gonarsa ke bayan shingen sai da takardar izini, ta wata ƙofa da a ke buɗewa a ƙayyadaddun lokatai. Wanda tasa ke kusa da matsuguni kuma sai soja sun sa masa rana, sau da yawa 'yan kwanaki kaɗan a shekara. Itacen da ba a huɗe gindinsa ba, ba a datse shi ba, amfaninsa raguwa ya ke yi.

Ban da wannan, kowace kaka ana samun rahoton sare itatuwa, da ƙone su, da sace amfani, da dukan masu tsinka, har da kisa. A 2006 Kotun Ƙolin Isra'ila ta yanke hukunci cewa wajibi ne soja su kare manoma su bar su su isa gonakinsu, amma ƙorafi bai ƙare ba. A kakar 2023, bayan yaƙi ya ɓarke, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan jin ƙai ya ce fiye da dunum 96,000 na zaitun, watau kadada 9,600, ba a tsinke su ba. A Gaza kuwa yaƙin ya lalata galibin gonaki da injunan matsa.

Ga inda babban haɗarin ya ke. Akwai wata dokar ƙasa ta Turkawa ta 1858 wadda ta ce irin gonar da aka bari shekara uku ba a noma ba tana iya komawa hannun hukuma. Tun wajen 1980 hukumomin Isra'ila ke dogara da fassararsu ta wannan doka suna mai da filaye masu yawa ƙasar gwamnati. Saboda haka manomi ya san gonar da ya daina zuwa tana iya fita hannunsa. Shi ya sa za ka ga tsoho ya ɗauki tsani ya nufi itace goma a shekarar shalatuna, alhali man da zai samu bai kai kuɗin mota ba. Zuwan nasa shaida ce cewa gonar tana da mai ita.

A nan gayya ta sami sabon aiki. Ɗalibai daga birane, da baƙi daga ƙasashen waje, da wasu Isra'ilawa, har da wata ƙungiyar malaman addinin Yahudu masu kare hakkin ɗan Adam da aka kafa a 1988, su kan raka manoma su taya su tsinka, domin idon baƙo ya kan rage ta'adi. Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta fara aika masu rakiya a 2002. A shekarar nan kuma ƙungiyoyin YMCA ta Gabashin Urushalima da YWCA ta Falasɗinu suka fara shirin ba manoma dashe domin su maye gurbin itatuwan da aka tumɓuke.

Wanda ya karɓi irin wannan dashe ya san ba zai ga cikakken amfaninsa da wuri ba, ya kuma san ana iya sāke tumɓuke shi. Duk da haka ya kan haƙa rami, ya sa taki, ya kafa masa turke, ya yi ta ɗauko ruwa a jarka rani biyu ko uku har saiwar ta kama. Haka kakanninsa suka yi masa, shi ya sa ya sami abin tsinka. In mun ɗauki kwalbar man zaitun a hannu, ya kamata mu tuna da irin waɗannan manoma, mu kuma sa su cikin addu'a sa'ad da watan Oktoba ya kama.